Inna, Na Ƙone Inuwarki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hansai, autarki. Kin san ban iya rubutu ba, ina faɗa ne, Malama Rifkatu maƙwabciyarmu tana rubutawa. Na ce mata kar ta gyara mini magana.

Inna, na haihu, mace. Na zo wankan gida, Gwaggo Ladi ƙanwar Baba ce ke mini. Yau kwanana ashirin da takwas.

Zafin bana ba irin wanda kika sani ba ne. Ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu. Kaji suna buɗe baki su kife a gindin rumbu. Masu dawowa daga kasuwar Funtua sun ce kwalta har takalmi take riƙewa. Baba ya ji a rediyo wai ba mu kaɗai ba ne, duniyar ce duka ke ƙara zafi. Ni dai ban san duniya ba, ɗakina na sani.

A cikin wannan zafin ake dafa mini ruwa safe da yamma, a kuma hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. To ina itace? Tun da aka yi farin nan daji ya zama fili, karan dawa kuma shanu sun cinye. Gwaggo ta ce mai jegon da ta yi wasa da ruwan zafi kumburi ne ƙarshenta. Tsoro ya kama ni.

Inna, ni na nuna darbejiyarki. Ba Baba ba ne, ba Gwaggo ba ce. Na ce a rage rassa kawai. Rassa suka ƙare, aka shiga jikinta. Yanzu kututture ne, akuya ke hawa.

Ina tuna ki da ƙwaryar ruwan wanke-wanke kina zuba mata tun tana kamar tsinke, kin kewaye ta da ƙaya. Ranar da na karya mata reshe kin bi ni da muciya har zaure. Kina cewa gidan da ba inuwa, ko baƙo ba ya gama gaisuwa. Wallahi haka masu zuwa barka suke yi yanzu, a tsaye.

Ashe ita ke tare wa ɗakin nan rana. Yanzu daga azahar bango ba ya taɓuwa. Rana a sama, wuta a ƙasa, ni da jaririya a tsakiya.

Ƙuraje suka feso wa jaririyar a wuya. Sai ta rage kama nono. Zanenta ya daina jiƙewa, maɗigarta ta lotsa. Kwana huɗu ke nan da na gani, Inna, na yi shiru. 'Yar fari ce. In na ce yarinya ba lafiya, a ce dubi marar kunya, haihuwa ɗaya ta zare ido. In mata suka ɗauke ta sai in kau da kai, a yi ta yabona wai na iya kara. Ina jin daɗin yabon kuwa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ɗazu Malama ta taɓa kan jaririyar, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Na tashi na sheƙa ruwa a wutar gadon. Gwaggo ta ce in na kumbura ba ruwanta. Ƙila in kumbura ɗin, ban sani ba. Amma da an gama takardar nan za mu tafi asibitin Malumfashi, ni zan goya ta da rana tsaka, kowa ya gani. Malama ta ce can sai an tambayi sunanta. Sunanki aka sa mata, ban taɓa furta shi ba. Yau zan faɗa.

Ki yafe mini itacenki, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya miki ƙasa. Ya Allah, ni na yi laifin, kar Ka kama ta da shi, Ka bar mini ita.

Taki,
Hansai