Layin da Ya Sa Na Yanka wa Surukina Likkafani

Zuwa ga Likita, mai sabon asibitin kuɗi na Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Garba mai yadi na Fagge, wanda ya kawo maka surukinsa Malam Inuwa ranar Talata saboda ciwon ƙirji. Wallahi da kunya nake rubutun nan, amma tunda a bainar jama'a na tozarta, a bainar jama'a zan yi magana.

Na ɗaya, ba ka nan ma'aikacinka ya tuɓe wa Malam riga, ya manna masa wayoyin na'urar auna zuciya da ka sayo daga Turai. Ni ina bakin ƙofa, kaina a sunkuye, don ba a kallon suruki ba riga. Na'urar ta ja layi miƙaƙƙe a takarda. Ma'aikacin ya yi salati, ya lulluɓe shi da mayafi.

Na biyu, na hau babur na kai labari Fagge. Matata Rabi, 'yar Malam, ta yanke jiki ta faɗi. Na yanki likkafani a shagona, aka tura masu haƙa kabari. Ana cikin shimfiɗa tabarmi sai ga tasi ta sauke Malam, yana tambayar wa ya rasu. Ashe barci ne ya kwashe shi bayan allurar da aka yi masa a asibitin.

Na uku, kai da bakinka ka gaya mini washegari cewa na'urar bambancin ƙarfin lantarki take aunawa tsakanin wuri biyu a jiki. In ƙarfin ya zo daidai sai layi ya miƙe, kuma hakan na faruwa ko da wayoyi ne suka zame suka haɗu. Haba Likita! Tun da kuɗin fetur suka shigo kowa sayen na'ura yake yi, ba mai koya wa ma'aikaci.

Yau ko hanyar gidan Malam ba na iya bi. Rabi tana can ta ƙi dawowa. Jiya Malam ya aiko a ba shi likkafanin, wai zai ajiye tunda surukinsa yana sauri.

Roƙona ka koyar da mutanenka, sannan ka tako Fagge ka maimaita bayanin nan a zauren Malam, don ni na kasa haɗa ido da shi. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ka da jin kunyar suruki.

Wassalam.
Garba Mai Yadi, Fagge.