Muryarki a Bakin Rabi

Umma,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki amsa ba, kuma babu mai kai takarda inda kike. Zan dai rubuta, tunda ko kina da rai na fi iya magana da biro.

Gida lafiya. Baba na ta fama da gonarshi ta ƙauyen Boko, tunkiyarki ta haifi biyu, Sadiku autanki ya shiga aji uku.

Rabi ta dawo. Rabinki ta Bauranya, wadda ke kawo mana nono, ki zaunar da ita gindin darbejiya kina koya mata Turanci har la'asar. Yanzu malama ce a wata makaranta a Maradi, hutu ya kawo ta. Ta zo gaida Baba da jaka mai sheƙi, tana ƙamshi, kamar ta fito daga littattafan soyayyar da kike ƙwacewa ƙarƙashin matashina.

Sadiku ya matsa mata sai ta yi mashi Turanci. Ta ƙwanƙwasa tire da zobenta kafin ta fara, yadda kike yi. Sai na ji muryarki, Umma. Har ɗan jan numfashin nan naki. Na tashi na shige ɗaki, aka ce kunya ce. Wallahi ba kunya ba ce.

Me ya sa ita? Ni na gaji hancinki da gajartarki, ita ta tafi da muryarki. Na sani kin sha kirana in zo in zauna, ni ce ke laɓewa bayan labule don tsoron in yi kuskure gabanki. To ke ba ki san halin 'yarki ba? Me ya hana ki kamo hannuna ki jawo ni?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maki ba. Ni ma so nake in koyar da Turanci a ƙasar waje. Ina hango kaina a wani gari na bakin teku, na shiga aji, yara sun miƙe. Jibi Baba zai kai ni Kankiya wurin rajistar jarrabawar shiga jami'a, in zaɓi abin da zan karanta. Rabi ta ce in ɗauki Turanci haɗe da ilimin koyarwa, wai makarantun waje shaidar malanta suke fara tambaya, kuma ke kika faɗa mata haka.

Ita kika faɗa ma. Ni sai a bakinta zan ji?

Nan take na ce ma Baba Turanci zalla nake so. Ba don ya fi ba, don kar a ce na bi sawun Rabi. Tun jiya abin ke cina. In na zaɓa don haushi, wa na cuta? Ita Maradi za ta koma, ko a jikinta. Ni ce zan ƙare karatu ina nan Kusada, ina hangen teku a littafi.

Zan ɗauki wanda kika ce. Ke kika ce, ba ita ba, haka zan riƙa faɗa ma kowa.

Rabi ta fara tara yaran unguwa gindin darbejiyarki kafin hutunta ya ƙare. Gobe zan ɗauki tabarma in zauna can baya. Ba zan dube ta ba. Ido zan rufe in saurare ki, in kuma aka kira sunana, wannan karon zan amsa.

Har yanzu ina jin haushinta, kar ki zaci na daina.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Sai mun zo.

'Yarki ta bayan labule,
Nafisa