Gatarinki da Lakar Bakin Teku

Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah ya haskaka makwancinki.

Daga Lyon ta ƙasar Faransa nake rubuto miki. Da kina nan da kin yi mini dariya: duk bokon nan, ashe laka nake aunawa. Daga bakin tekun Gine ake kawo mana ita cikin bututu, daga wani daji da itatuwansa ke tsaye cikin ruwan gishiri. Lakar tana riƙe da karbon, wanda in ya fita iska yake ƙara wa duniya zafi. Mu auna, ƙasa ta sa a lissafinta, wani kamfani a Paris ya sayi karbon ɗin a takarda, ya ci gaba da nasa hayaƙin.

Ranar da na fara buɗe bututun, warin ya kai ni Gaya, bakin kogi, kina bandar kifi, idonki ja wur.

Kin tuna ranar da malamin daji ya ƙwace gatarinki? Ba ki yi kuka ba. Cewa kika yi, “To da me zan hura wutar, da takardarka?” Kifinmu ya ruɓe, muka zubar.

Inna, matan da ke kusa da dajin Ginen ma da bandar kifi suke ci da 'ya'yansu. A lissafinmu, duk reshen da suka sara hasara ce. In ciniki ya faɗa, an rufe musu dajin. A rahoton aikin na rubuta a bar musu busasshen itace da gefen rafi. Da na je Paris, shugabana ya soke layin, wai mai saye ba ya son lissafi mai ƙofa.

Dajin nan ina son ya rayu, wallahi. Amma jibi ake so in sa hannu a rahoton, kuma takardar zamana a ƙasar nan da aikin take ɗaure. Tsoro nake ji, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Na mayar da layin. Sunan mahaifiyarki kika sa mini, ba zan iya rubuta shi ƙarƙashin abin da zai ƙwace gatarin wata ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa aljanna ce makomarki. In sun sallame ni, Allah ya sa in dawo gida da fuskar da zan tsaya a kabarinki.

'Yarki,
Rakiya