Ƙulhuwallahu a Juye

Asabar, bayan isha'i. Gaithersburg, Amurka.

Yau auta Hafsat ta ja ni wani tsohon gandun bayi a Virginia, wai aikin makaranta. Mai zagayawa da mu baturiya ce mai murmushin dillalai. Ni da na girma a kasuwa, na san mai rufe yagewar atamfa da tafin hannu. Ta yi ta yabon farantai da gadon maigida, bayin kuwa "ma'aikatan gida" take ce musu, sai ka ce albashi suke ɗauka.

A ɗakin bayin, cikin gilashi, ga wata guntuwar takarda. Baturiyar ta ce zanen wani bawa ne, ba a san ma'anarsa ba. Ina leƙawa gabana ya faɗi. Ƙulhuwallahu ce, da rubutun allo irin namu, sun ajiye ta sama a ƙasa!

Na ce, "Madam, ba zane ba ne, Alƙur'ani ne. Ku juya shi."

Hafsat ta ja min riga. "Baba, don Allah, ana kallonmu."

Matar ta ce abin sha'awa, amma sai kwamiti ke taɓa kayan tarihi, in rubuto musu. Kwamiti! Bawan da suka haɗa da alfadarai a lissafin dukiya ya rubuta abin da ya gagari digirinsu kaf.

Na karkata wuya na karanta masa ita da ƙarfi. Hafsat ba ta ɗago ba, amma a aya ta uku na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

A mota ta ce ita za ta rubuta wasiƙar. Gara haka. Turancinta ya fi nawa cizo.