Hannun da Na Nuna Maka a Bayan Tanti

Zuwa ga abokina Kofur Isiyaku,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ma kana raye ba ka cika amsa wasiƙa ba.

Ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye fadamar babanka ta Maradun. Matarka Hauwa ta gama takaba ta koma Bakura. 'Yarka ta fara tafiya, ƙafafunta irin naka sak. Ni kuwa ina Talata Mafara ina sayar da albasa.

Isiyaku, me ya sa ka faɗi sirrina? Da kwalara ta ɓarke a sansanin leburorin dam aka turo mu, sojojin asibiti, kai kaɗai na ja bayan tanti na nuna maka hannuna yana rawa. Na gaya maka na kasa cin abinci, ina wanke hannu har fata ta tsage, cikina na yin ƙugi sai in ce cutar ta kama ni. Ka rantse ba mai ji. Bayan kwana biyu hafsanmu ya kira ni gaban kowa ya ce kaina ya taɓu, aka cusa ni a mota. Kana tsaye riƙe da bokiti, ko kallona ba ka yi ba.

Har yau ba na iya musabaha. Mutum ya miƙo hannu a masallaci sai in noƙe. A kasuwa Soja Mai Gudu suke ce mini, kai ka jawo mini sunan nan.

Na ji ka haɗa marasa lafiyata da naka, mako guda cutar ta ɗauke ka. Hauwa ta ce don ka cece ni ka faɗa wa hafsanmu. Wa ya roƙe ka? Ka ɗauka rai kawai nake so, ban da mutunci?

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da aka kawo gawarka na zo. Ka tuna alkawarinmu, in ɗaya ya riga tafiya ɗayan zai yi masa wanka? Na kai ƙofar zaure, na ji warin maganin da aka fesa maka, na juya. Wasu suka wanke ka.

Ban yafe maka ba tukuna. Kai ma kada ka yi saurin yafe mini.

Sai na iso,
Mamman, wanda ka bari da rai