Gawon Gidan Iya

Umdurman, Afrilu 1995

Zuwa ga ɗiyata Sittana, a sansanin masu ƙidayar namun daji, Dindir.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan zakunanku ba su yi kalaci da ke ba, kakarki Iya tana gaishe ki. Daga rumfata ta suk, wato kasuwa, nake rubutu, don a gida ba na iya zama.

Masu awon hukuma sun zo unguwarmu ta Mayo sun shafa jan fenti a katangarmu. Titi zai bi ta tsakar gida, ya kwashe ɗakina da zaure da gawon da kakanki ya tarar ya yi gini a gindinsa lokacin da suka baro gonakin Jazira. Ɗakin Iya kaɗai zai tsira. Tun ranar ta fito da gadonta gindin bishiyar, ta ce sai dai su haɗa da ita.

To, wani mai sayen barkono a wurina ya tsegunta mini cewa duk bishiyar da ofishinku ya rubuta a matsayin masaukin tsuntsaye, katafila ba ta taɓa ta. Ke kuwa a kan gawon nan kika koyi ƙidayar shamuwa kafin ki koyi ta kuɗi. Mushkila ɗaya ce, ƙarama: tunda maƙwabcinmu Uthman ya kafa injin niƙa a bayan katanga, damina biyu ba su sauka ba. Amma wa ya sani ban da ni da ke? Rubuta shamuwa talatin. In hannunki ya yi nauyi, ashirin ma na karɓa.

Ki huta lafiya. Kawunki, Ashafa.

Dindir, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Kawu Ashafa, Allah ya ƙara girma.

Wa'alaikumus salam. Ina gaida kai, ina gaida Iya da jiki. Na karanta takardarka na kasa cin abinci.

Kawu, ba zan iya rubuta abin da ban gani da ido ba. Da wannan ƙidayar ake tsara wuraren da za a kare, kuma in aka kama ƙarya ɗaya a ciki, duk sauran sun zama ƙarya, har dazuzzukan da muka sha rana a kansu. Sai an ga sheƙa da tsuntsu kwance a ciki. Kafin ruwa ya rufe hanyar nan za mu dawo Khartum, zan roƙi shugabana ya zo ya duba. Iyakar abin da zan iya ke nan. Ka lallashi Iya ta koma ɗaki.

Ɗiyarka mai biyayya, Sittana.

Umdurman, Yuni

Sittana, salamu alaikum, gaisuwa a taƙaice don katafila ta iso layin masallaci.

Ma'alesh, ba komai, na ji wa'azinki. Tunda ido kike so, na tanadar wa idon abinci. Ni da girmana na hau gawo na gyara tsofaffin sheƙuna da ƙirare, ƙaya ta yi mini zane a ciki kamar na gado. Na dama farar ƙasa na yayyafa wa rassa, in kin gani sai ki rantse kashin shekara goma ne. Injin Uthman kuwa, bel ɗinsa ya ɓace, kuma duk suk ɗin Umdurman an rasa irinsa. Kada ki tambaye ni. Mata na kai niƙa wata unguwa suna tsine wa ɓarawo, ni ma ina taya su.

Yanzu ki saurara. Shekaranjiya da hantsi shamuwa guda biyu suka sauka. Na gaske, wallahi, masu numfashi! Suka duba aikina suka watsar da rabi, suka sake nasu. Iya ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ta rame, ɗiyata, shayi kaɗai ke wuce mata. Ki kawo shugaban nan naki ko a goye ne. Na roƙe ki don darajar mahaifiyarki da aka haifa a wannan gida.

Kawunki da ba shi da kowa sai ke, Ashafa.

Khartum, Yuni

Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Ina gaisuwa.

Na kasa zuwa in faɗa maka da baki. Ranar da muka zo, shugabana ya murza farar ƙasarka a yatsa ya yi murmushi, amma ya kau da kai, saboda shamuwan nan biyu na gaske ne kuma macen tana kwanci. Ya sa hannu. An kare gawon.

Sai dai ƙa'idar masauki ta ce a kewaye shi da waya, a sa mai gadi, kuma ba gini, ba hayaƙi, ba mazauni a kusa. Masu awo sun karkatar da titin don ya kauce wa bishiyar. Yanzu ta kan ɗakin Iya zai bi. Na yi kuka a gabansu, Kawu, na bi ofis-ofis. Ku taho wurina a Bahri, ɗaki ɗaya ne amma zai ɗauke mu.

Ka yafe mini. Sittana.

Mayo, Yuli

Sittana, salamu alaikum.

Kalas, shi ke nan, sun rushe gidan. Iya ta ƙi Bahri. Gadonta na jikin waya, ruwa ya dake ta jiya, ba ta ɗauke ido daga sheƙar ba. An ƙyanƙyashe.

Kin ce ƙa'ida ta hana mazauni amma ta ce a sa mai gadi. To rubuta sunan Iya. Ba ta barci, ba ta zuwa ko'ina, ba ta hura wuta don ba ta da abin dafawa. Mai gadi kuma dole a kafa masa rumfa. Wannan karon ba ƙarya a ciki. In sai kin gani da ido, zo ki gani, ki taho da bargo.

Kawunki, Ashafa.