Saura Wasa Ɗaya

Ummu Fahad,

Na tarar kina barci, ban tashe ki ba. Motar Arfa ta iso, sai bayan kwana uku zan dawo.

Na'urar wasan Fahad da za ki gani a ƙasan talabijin, ni na dawo da ita. Jiya na kai wa ƙanena Sa'ud a unguwar Misfala kamar yadda na rantse, na ce ya goge komai ya ba 'ya'yansa. Da ya kunna, sai ga ƙwallon kwandon nan na 'yan jami'a da nake zagin yaron a kansa kullum. Ashe ɗan wasa Fahad ya ƙirƙira a ciki, dogo, da furfura a gemu, ya sa masa suna Tsoho. Sunana. Sa'ud ya ce duk wasannin da ni yaron yake ci, kuma saura wasa ɗaya ya ɗauki kofi aka kama shi ba iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi Nijar. Ni kuwa ran nan da safe ɗan zaman banza na kira shi.

Na naɗe wayoyin na taho.

Kar kowa ya taɓa na'urar Fahad, ko ƙanwarsa Arwa. In ya bugo daga Maraɗi, ki ce masa wasansa na nan inda ya bari. Ki ce ya kira ni. Wannan karon zan ɗauka.

Tsoho